Rigar kariyar diplomasiyya: Ina iyakar ikon jami'an tsaro?

A Araba da ke ƙaramar hukumar Illela a jihar Sakkwato, dab da iyakar Najeriya da Birnin Konni na Jamhuriyar Nijar, jami'an kwastan da na shige da fice da 'yan sanda suna da ikon tsayar da kowace mota su bincika kayan da ke cikinta.

Sai dai akwai matafiyan da wannan iko ba ya hawa kansu gaba ɗaya, wato jami'an diplomasiyya na ƙasashen waje.

Kare lafiyar ɗan aike tsohuwar al'ada ce. Littattafan tarihin Musulunci sun ruwaito cewa Annabi Muhammadu (SAW) bai bari an taɓa manzannin Musailama ba, duk da saƙon da suka zo da shi.

A wannan zamani, yarjejeniyoyi biyu da aka ƙulla a birnin Vienna su ne suka tsara batun: ta 1961 a kan jami'an diplomasiyya, da ta 1963 a kan jami'an ƙananan ofisoshin jakadanci. Najeriya da Nijar duk sun amince da su, kuma Najeriya tana da tata dokar ta 1962.

Kariyar hawa-hawa ce

Cikakken jami'in diplomasiyya, kamar jakada da mataimakansa, ba a kama shi, ba a tsare shi, kuma ba a gurfanar da shi gaban kotun ƙasar da yake aiki a cikinta bisa wani laifi, komai girmansa. Iyalinsa da ke zaune tare da shi su ma suna da wannan kariya, muddin ba 'yan ƙasar ba ne.

Ba a binciken motar ofishin jakadanci. Kayan jami'in na kansa kuwa, ana iya buɗe su ne kawai idan akwai ƙwaƙƙwaran dalilin zargin cewa da haramtattun kaya a ciki, kuma a gabansa ko a gaban wakilinsa.

Jami'in ƙaramin ofishin jakadanci bai kai nan ba. Kariyarsa ta tsaya ne ga abin da ya aikata a bakin aikinsa, kuma ana iya kama shi idan laifin babba ne, bisa umurnin kotu.

Wannan bai sa jami'in tsaro ya zama ɗan kallo ba. Yana iya tsayar da mota ya nemi katin shaidar da ma'aikatar harkokin waje ta bayar, domin lambar mota mai harufan CD ita kaɗai ba hujja ba ce. Ƙasashe da dama kuma sun yarda a hana jami'in da ke shirin cutar da jama'a, kamar mai tuƙi cikin maye, sa'annan a kai rahotonsa.

Akwatin Umaru Dikko

Babu misalin da ya fi fito da wannan batu fili ga 'yan Najeriya kamar abin da ya sami Alhaji Umaru Dikko, ministan sufuri a gwamnatin Shehu Shagari.

A ranar 5 ga watan Yulin 1984 aka sace shi a ƙofar gidansa a Landan, aka yi masa allurar barci, aka sa shi cikin wani babban akwatin katako tare da wani likita ɗan Isra'ila, da nufin kai shi Legas daga filin jirgin saman Stansted.

Yarjejeniyar 1961 ta hana a buɗe ko a riƙe jakar saƙon diplomasiyya. Amma ta kuma shardanta cewa dole jakar ta kasance ɗauke da alamun da ke nuna ko mece ce. Akwatin ba shi da waɗannan alamu yadda ya kamata, don haka jami'an kwastan na Birtaniya suka buɗe shi, suka tarar da tsohon ministan a sume.

Manjo Mohammed Yusufu, ɗaya daga cikin mutane huɗun da aka gurfanar a gaban kotu, ya ce shi jami'in diplomasiyya ne. Kotu ta yi watsi da wannan hujja, saboda ba a sanar da ma'aikatar harkokin wajen Birtaniya ba, balle ta karɓe shi a matsayin haka. An ɗaure shi shekara 12. Gwamnatin soja ta lokacin ta musanta cewa tana da hannu a lamarin.

Hukuncin ya nuna cewa fasfon diplomasiyya shi kaɗai ba ya ba mutum kariya. Ko muƙami a gida ma ba ya bin mai shi zuwa waje: a 2005 wata kotu a Landan ta ƙi amincewa da cewa gwamnan Bayelsa na lokacin, Diepreye Alamieyeseigha, yana da kariya daga tuhuma.

Haka lamarin yake a bakin iyaka. Jami'in wata ƙasa da ke aiki a Yamai yana da kariya a Najeriya ne idan ratsawa yake yi zuwa wurin aikinsa ko komawa gida. Idan kasuwar Illela ya zo ci don kansa, yarjejeniyar ba ta rufe shi ba.

Idan jami'i ya yi laifi fa?

Kariyar ta ƙasar da ta turo jami'in ce, don haka ita kaɗai ke iya tuɓe masa ita. Jojiya ta yi haka a 1997, bayan wani jami'inta ya kashe wata yarinya a haɗarin mota a birnin Washington, kuma kotun Amurka ta ɗaure shi.

Idan ƙasarsa ta ƙi, abin da ya rage shi ne a bayyana cewa ba a buƙatarsa, a ba shi wa'adin barin ƙasar, ba tare da an faɗi dalili ba.

Wannan ma yana iya zama takaddama. A watan Agustan 2023 sojojin da suka karɓi mulki a Nijar suka ba jakadan Faransa, Sylvain Itté, sa'o'i 48 ya fice, daga baya suka ce sun janye kariyarsa. Faransa ta ƙi, tana cewa ba ta amince da gwamnatinsu ba. Jami'an tsaro sun yi wa ofishin ƙawanya ba tare da sun kutsa ciki ba, har jakadan ya bar Yamai a ranar 27 ga watan Satumba.

Masu sukar tsarin suna cewa yana hana waɗanda aka zalunta samun haƙƙinsu. Masu kare shi kuwa suna nuni da cewa duk abin da Najeriya ta yi wa jakadan wata ƙasa a Abuja, shi za a yi wa nata a can.

Akwai kuma wani sashe na yarjejeniyar 1963 da ya shafi fatake da direbobin da ke ƙetara iyaka kullum. Duk baƙon da aka kama a wata ƙasa, wajibi ne a shaida masa ba da ɓata lokaci ba cewa yana da ikon a sanar da ofishin jakadancin ƙasarsa, kuma jami'an ofishin suna da ikon ziyartarsa da nema masa lauya. Wannan haƙƙi ne na ɗan Nijar da aka tsare a Illela, da kuma ɗan Najeriya da aka tsare a Konni.