GIDAN GĀDO: ABIN DA YA KAMATA MAGADA SU SANI KAFIN A SAYAR

A unguwanni irin su Yindiski a Potiskum, inda filaye suka yi daraja, an sha ganin babban ɗa ya sayar da gidan uba tun ba a share makoki ba, yana cewa ai shi ne babba. Ya kamata jama'a su sani cewa girman shekaru ba ya ba kowa wannan iko. Muddin ba a raba gādo ba, gidan na magada ne baki ɗaya, har da mata da jariri na goye.

A bisa mazhabar Malikiyya, wadda kotunan Shari'a na Jihar Yobe suke bi, ba a taɓa dukiyar mamaci sai an fitar da kuɗin jana'iza, an biya bashi, sannan an zartar da wasiyya. Wasiyya ba ta wuce sulusi, kuma ba a yi wa mai gādo ita sai da yardar sauran. Bashi kuwa ya haɗa da sadakin matar da ba a cika mata ba, abin da galibi ake mantawa da shi.

Ga misali. A ce mutum ya rasu, iyayensa sun riga shi, ya bar mata biyu da 'ya'ya maza biyu da mata uku. Bayan an biya bashi, gida da shanu sun kai Naira miliyan 8. Matan biyu za su raba tumuni, wato miliyan 1, kowacce dubu 500. Miliyan 7 da ta rage a kasa ta kashi bakwai: kowane namiji miliyan 2, kowace mace miliyan 1. Babban ɗan nan, ashe, rubu'in dukiyar kawai yake da shi.

To, idan wani magaji ya sayar wa bare kasonsa kafin a raba fa? A nan shari'a ta tanadi shufu'a. Sauran magada suna da ikon su biya mai sayen kuɗin da ya bayar, su karɓi kason. Wannan haƙƙi na abokin tarayya ne, maƙwabci ba shi da shi. Amma wanda yake gari, ya ji labarin cinikin, ya yi shiru har shekara ta zagayo, ya rasa shi. Kunya ce take jawo wa mata da yawa wannan asara, don ba sa son a ce sun kai ɗan'uwa ƙara.

Mai saye shi ma ya yi hattara. Sa hannun bulama ko lawani shaida ce mai amfani, amma ba ta isa ba. Dokar Amfani da Filaye ta 1978 ta danƙa filayen jiha a hannun Gwamna, kuma gidan da yake da satifiket ba a sauya masa mai shi sai da amincewarsa. A nemi takardar rabon gādo daga kotu tukuna.

Wanda bai gamsu da hukuncin alƙali ba yana iya ɗaukaka ƙara har zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a da ke Damaturu, wadda sashe na 277 na Tsarin Mulkin 1999 ya ba ikon duba al'amuran gādo da wasiyya da kyauta. Waɗanda ba Musulmi ba kuwa, gādonsu yana bin al'adarsu ko wasiyyar da suka rubuta, kuma Babbar Kotun Jiha ce take ba da takardar izinin kula da dukiyar.