Salon Wasan Clemens Westerhof

Clemens Westerhof, mutumin ƙasar Holan, ya horar da ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Nijeriya, wato Super Eagles, daga 1989 zuwa 1994. Ya gina wasansa a kan ƙarfi da gudun 'yan wasan Nijeriya. So yake a kai hari da sauri, tun abokan hamayya ba su kimtsa ba.

Ga yadda tsarin yake. Da zarar Sunday Oliseh ya karɓi ƙwallo a tsakiya, sai ya cilla ta gefe. Finidi George yana dama, Emmanuel Amunike yana hagu. Idan masu tsaron baya suka bi su, tsakiya ta buɗe ke nan, sai a bugo wa Rashidi Yekini, wanda bai cika ɓarar da irin wannan ƙwallo ba.

Da wannan salo Nijeriya ta ci Kofin Afirka a Tunisiya a 1994, ta kuma lallasa Bulgeriya da ci 3-0 a Kofin Duniya a Amurka. Amma salon ya dogara ƙwarai da masu gudu. A wasan Italiya, Daniel Amokachi da Amunike sun ji rauni sun fita, hari ya yi sanyi, Italiya ta ci 2-1.