Shanya Kafet da Dardumar Masallaci Bayan Wanki: Abin da Ya Kamata Mu Kiyaye a Sokode da Dapaong

 

Da yawa daga cikinmu mun taɓa shiga masallaci kwana uku ko huɗu bayan matasan unguwa sun yi gayya sun wanke kafet, muka kai goshi ƙasa a sujada, sai wani wari mai kama da na rigar da ta kwana a bokiti ya bugi hanci. An yi wankin da kyakkyawar niyya, an sayi omo, an ɗebo ruwa, an sha wahala, amma an mayar da shimfiɗar kafin ta bushe. Bayan 'yan makonni sai a ga baƙin tabo a gefen bango, dattijon da ke fama da asma ya koma salla a waje, kafet ɗin da jama'a suka yi karo-karo suka saya ya fara ruɓewa ta ƙasa. Wannan asara ce ta dukiyar jama'a da lafiyarsu, kuma ana iya kauce mata idan an san yadda bushewa take aiki.

Tsarki daban, bushewa daban

Mu fara da abin da ya shafi hukunci, domin a nan ake samun ruɗani. A mazhabar Malikiyya, wadda yawancinmu muke bi, ruwa mai tsarki ne yake kawar da hukuncin najasa. Idan yaro ya yi fitsari a kan darduma aka shanya ta a rana ta bushe ba tare da an wanke ba, najasar tana nan. Mun san ƙissar balaraben ƙauyen da ya yi fitsari a masallacin Madina, Manzon Allah (SAW) ya hana a tsawata masa, ya sa aka kwarara guga na ruwa a wurin. Sai dai daɓen masallacin a wancan lokaci ƙasa ce da tsakuwa, ruwa yana nutsewa ya wuce. Kafet na yau riƙe ruwan yake yi, shi ya sa dole a fitar da ruwan wankin daga cikinsa har ya fito garau.

A cikin Mukhtasar na Shehu Khalil an bayyana cewa matsewa ba sharaɗi ba ce ta tsarki, matuƙar ruwan ya rabu da abin da aka wanke bai canza ba. Ke nan darduma mai laima tana iya zama mai tsarki, salla a kanta ta inganta. Amma ingancin salla ba ya hana ta yin fumfuna. Kuma addinin da ya hana wanda ya ci ɗanyar tafarnuwa ko albasa kusantar masallaci saboda kada ya cutar da mutane da wari, ba zai yarda mu shimfiɗa wa jama'a abin da ke ɗoyi ba.

Me ke faruwa a cikin kafet mai laima?

Ƙwayoyin fumfuna suna cikin iska da ƙura ko'ina, abin da suke jira kawai shi ne laima da ɗumi da abin ci. Kafet ɗin masallaci yana da abin cin: ƙura, gumi, dattin ƙafa da ragowar sabulu. Hukumar kare muhalli ta Amurka tana ba da shawarar a busar da duk abin da ya jiƙe cikin awa 24 zuwa 48, domin bayan haka fumfuna ke fara kamawa. A shekarar 2009 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jagora a kan danshi da fumfuna a cikin gine-gine, inda ta danganta su da tari, da numfashi mai ƙara, da tsanantar asma. Mai salla kuwa hancinsa yana taɓa shimfiɗar sau biyu a kowace raka'a. Haka nan ƙwayar cutar da ke kawo cin ruwa a tsakanin yatsun ƙafa tana daɗewa a wuri mai laima da ake takawa ba takalmi.

Ya kamata kuma mu san irin shimfiɗar da muke da ita. Yawancin dogayen kafet masu layin sahu na zaren roba ne, zaren da kansa ba ya shan ruwa sosai, saboda haka samansa yana saurin bushewa, alhali bayansa, wanda aka yi da saƙar buhu ko danƙo, da soson da ake sakawa a ƙarƙashi, suna nan sharkaf. Dardumar gashin tumaki kuwa tana iya riƙe laimar da ta kai kusan kashi 30 cikin ɗari na nauyinta ba tare da hannu ya ji ta jiƙe ba. A duka biyun, shafa sama da tafin hannu yaudarar kai ne.

Lissafin da ke nuna amfanin iska

Mu ɗauki masallaci mai tsawon mita 15 da faɗin mita 10, tsayin rufinsa mita 4. Idan bayan wanki kowane murabba'in mita na kafet ya riƙe lita ɗaya ta ruwa, akwai lita 150 a ƙasa. Iska mai zafin digiri 30 ba ta iya ɗaukar fiye da kimanin giram 30 na tururin ruwa a kowane kyubik mita, wato iskar ɗakin gaba ɗaya lita 18 kawai za ta iya ɗauka ko da a bushe take ƙayau. A ranar damina da danshin iska ya kai kashi 80 cikin ɗari, gurbin da ya rage bai kai lita 4 ba. Sai iskar masallacin ta fita sabuwa ta shigo fiye da sau 40 kafin ruwan nan ya ƙare. A ranar hunturu da danshi ya sauka zuwa kashi 20, kimanin sau 10 ya isa. Wannan ne dalilin da ya sa wanda ya wanke kafet ya kulle ƙofofi da tagogi saboda tsoron awaki ko ɓarayi zai dawo ya tarar da shi yadda ya bar shi, har ma da wari. Fanka a ɗakin da ke rufe juya iska mai laima kawai take yi.

Yanayin garuruwanmu biyu

Sokode, babban birnin yankin Tsakiya, ta fi samun ruwa. Daminarta tana kamawa daga wajen Afrilu zuwa Oktoba, ruwan shekara yana wuce milimita 1,200, kuma Agusta da Satumba su ne watannin marka, rana tana iya kwana biyu ba ta fito sosai ba. Masallatan tsofaffin unguwanni irin su Didawure da Zongo, inda gidaje suke manne da juna tun zamanin fataken goro da ke bi ta nan tsakanin ƙasar Hausa da Gwanja, da yawansu ba su da filin shanya, kuma iska ba ta ratsa su sosai. Dapaong kuwa, babban birnin yankin Savanes kusa da iyakar Burkina Faso, daminarta ta fi gajarta, daga wajen Mayu zuwa Oktoba, da ruwan da ke kusa da milimita 1,000. Hunturunta ya fi tsanani, a Maris da Afrilu kuma zafi yana kai digiri 40. A can matsalar rani ita ce ƙura, da ranar da ke cin launi, da ƙarancin ruwan ɗauraya.

Sai mu duba kalandarmu. A 'yan shekarun nan azumi yana faɗowa a rani, misali Ramadan na 2025 ya zo a watan Maris, saboda haka wankin shirin tarawihi yana samun busasshiyar iska. Maulidi kuwa, lokacin da Sokode ke cika da baƙi, a 2024 da 2025 ya zo a Satumba, tsakiyar marka. Shawararmu ga kwamitocin masallatai ita ce a ajiye babban wanki na shekara tsakanin Nuwamba da Fabrairu, a damina kuma a taƙaita ga shara, da kakkaɓewa, da wanke wurin da najasa ko tabo ya taɓa kaɗai.

Yadda za a yi aikin

Na farko, a zaɓi rana. Asabar ko Lahadi bayan sallar asuba ya fi, domin a sami kwanaki kafin Juma'a. Wankin ranar Alhamis shi ne ke tilasta wa ladan shimfiɗa jiƙaƙƙen kafet. Idan masallacin babba ne a raba aikin biyu, a wanke rabi a wannan mako, rabi a mako mai zuwa, a yi salla a kan tabarma kafin nan.

Na biyu, a kakkaɓe ƙura tun kafet yana bushe, sannan a rage omo. Kumfar da ba a ɗauraye ba tana riƙe laima, tana kama datti, tana sa zaren ya yi danƙo. Kada a zuba javel a kan dardumar gashi domin yana cin zaren, kada kuma a haɗa shi da wani maganin wanki, hayaƙin da ke tashi yana iya shaƙe mutum.

Na uku, a fitar da ruwa da hannu kafin a miƙa wa rana. A ture shi da sandar roba ta goge daɓe ko da gefen katako mai santsi, ana bin kwanciyar zaren. Sannan a naɗe kafet ɗin a jingina shi a tsaye na kamar rabin awa ruwan ya tsiyaye. Ƙananan sallayu a naɗe su cikin busasshen tawul a taka. Kada a murɗe darduma kamar zane, bayanta tsagewa yake yi. Inda akwai masu wankin mota da ke da injin zuƙe ruwa, hayar sa tana rage kwana guda na shanya.

Na huɗu, a ɗaga shi daga ƙasa. Kafet ɗin da aka shimfiɗa a kan siminti ta fuska ɗaya yake bushewa. A jera bencina, ko a gitta gora ko bututun ƙarfe mara tsatsa a kan bulo, yadda iska za ta bi sama da ƙasa. Idan a kan katanga za a rataya, a share ta, a sa leda ko tsohon buhu kada jar ƙasa ta rine shi, a riƙa gusar da shi kada lanƙwasar ta zauna wuri ɗaya. Igiya siririya ba ta dace da kafet mai nauyi ba.

Na biyar, a fara da juya bayansa ga rana, domin nan ruwan yake, kuma hakan yana kare launi. A riƙa juyawa duk bayan awa biyu ko uku. A bazarar Dapaong awa kaɗan na safe sun isa, sai a mayar da shi inuwa mai iska, domin tsananin rana yana kodar da launi, yana sa danƙon baya ya bushe ya farfashe. A hunturu a shanya a gefen ginin da iska ba ta bugowa kai tsaye, fuskar tana kallon ƙasa, a sake kakkaɓewa bayan ya bushe.

Na shida, kada ya kwana a waje. Raɓa tana mayar da aikin yini baya. Kafin magariba a shigo da shi baranda ko cikin masallaci, a baje shi a kan bencina, kada a naɗe, a buɗe tagogi masu fuskantar juna, a sa fankar tsaye tana hura shi. A kula wayar lantarki kada ta taɓa daɓe mai ruwa.

Kafet ɗin da aka manne da daɓe ba a kwarara masa ruwa. A wanke wurin da ya ɓaci kawai, a zuba ruwa kaɗan a tsane da tawul, a maimaita har ya fito garau, sannan a ɗaga gefen da ya fi kusa a cusa bulo ko kujera iska ta shiga.

Yadda za a gane ya bushe

A cusa yatsu har gindin zaren, a taɓa bayansa, musamman gefuna da inda aka lanƙwasa. Idan wurin ya fi sauran sanyi, akwai sauran ruwa. A ɗora farar takarda a taka ta na minti ɗaya a duba. Ko a shimfiɗa farar leda a kansa cikin rana na ɗan lokaci: idan gumi ya taru a ƙarƙashinta, da saura. Daɓen ma a gwada shi, a manna leda a kan simintin ta kwana, idan ta wayi gari da laima to a jinkirta shimfiɗawa. Turare da fesa ƙamshi ba sa maganin fumfuna, rufe warin kawai suke yi na kwana ɗaya.

Idan fumfuna ta riga ta kama, a fitar da kafet ɗin waje, mai aikin ya rufe hanci da baki, a goge da buroshi, a sake wankewa a busar da kyau. Soson ƙarƙashi idan ya yi baƙi a jefar da shi. Wanda ruwan kwata ko na ambaliya ya kwana a cikinsa har bayansa ya fara ruɓewa, canza shi ya fi sauƙi a kan jinyar mutane.

Rigakafi na kullum shi ne a raba wurin alwala da bakin kafet. A ajiye tabarmar roba da buhu ko tawul a ƙofa, a riƙa shanya su kowace rana, a duba rufi da tagogi kafin ruwan farko, a ɗaga gefunan kafet sau ɗaya a mako lokacin damina. Ɗalibai su ma su riƙa baje sallayarsu a kan igiya maimakon cusa ta cikin jaka da laimar alwala.

Matar da take share masallacin Madina, da ta rasu aka binne ta ba a sanar da Manzon Allah (SAW) ba, ya nemi a nuna masa kabarinta ya je ya yi mata salla. Allah Ya saka wa ladanai da matasa da iyayenmu mata masu wannan hidima da alheri, Ya karɓi ayyukanmu. Amin.