Ɗan Sandan da ke Cikin Kanka: Littafin 1984 da Mu ’Yan Birnin Kudu da Gwaram

Ga rubutaccen shirinmu na wannan makon, saboda waɗanda data ba ta bari su saurara ba.

Yau maganar littattafai da finafinai za mu yi, amma irin waɗanda ke hasko wata duniya ta gaba da ta lalace, inda hukuma ta mallake komai, har tunanin da ke cikin kan mutum. Wani zai ce, to mu ina ruwanmu da tatsuniyar Turawa? Ku ɗan yi haƙuri, za mu iso gida.

Mu fara da uban tafiyar. A 1949 wani marubuci ɗan Ingila, George Orwell, ya fitar da littafi mai suna 1984. Idan kun taɓa karanta Gandun Dabbobi, wanda Bala Abdullahi Funtua ya mayar Hausa a 1975, to mai shi ɗaya ne. A cikin 1984 akwai ƙasar da jam’iyya guda ke mulki, shugabanta kuma Babban Yaya ake ce masa. A gidan kowane ɗan jam’iyya akwai wani allo kamar talabijin, kana kallonsa yana kallonka, kuma ba ya kasuwa. Jarumin labarin, Winston Smith, ma’aikaci ne a Ma’aikatar Gaskiya, aikinsa kullum shi ne gyara tsofaffin jaridu don su dace da abin da gwamnati ta faɗa yau. Ana rage kalmomin harshe da gangan, don wanda ba shi da kalmar ’yanci, da me zai nemi ’yancin? Yara kuma su ne ’yan leƙen asirin iyayensu.

To ga inda dabarar take. Ba kowane lokaci ake kallon kowa ba, amma babu wanda ya san lokacin da ake kallonsa. Sai kowa ya zama ɗan sandan kansa. Kun gane? Hukuma ba ta buƙatar ta kama mutum miliyan, ta kama ɗaya a idon jama’a ya isa, sauran su kama bakinsu da kansu.

Na biyu shi ne Fahrenheit 451 na Ray Bradbury, ɗan Amurka, a 1953, wanda aka mayar fim a 1966. A can ’yan kwana-kwana ba kashe gobara suke yi ba, littattafai suke ƙonawa. Abin da ya fi tayar da hankali a labarin shi ne mutane ne suka fara yin watsi da karatu da kansu, suka koma ga allon bango da nishaɗi, kafin hukuma ta zo da ashana.

Yawwa, yanzu mu dawo gida.

A 2007 a Kano, zamanin gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau, an tara littattafan Hausa an cinna musu wuta a wata makarantar ’yan mata, a ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu. Hujjar ita ce suna ɓata tarbiyya. Bayan nan Hukumar Tace Finafinai ta jihar, wadda aka kafa a 2001, ta matsa wa marubuta da ’yan fim lamba. A Disamba 2008 kotun tafi-da-gidanka ta ɗaure furodusa Hamisu Lamido Iyan-Tama kan fim ɗinsa Tsintsiya, kafin daga baya babbar kotu ta rushe hukuncin.

A nan sai mu yi adalci. Iyayen da ke damuwa da abin da ’ya’yansu ke karantawa ba azzalumai ba ne, kuma kowace al’umma tana da iyakarta. Tambayar ita ce: wa ke riƙe da ashanar, kuma wa zai iya ce masa ya yi kuskure? Makamin da aka ƙera don gyaran tarbiyya, ranar da aka juya shi kan mai sukar gwamnati, wa zai tare?

Ba yau aka fara ba. A shekarar 1984 ɗin kanta, gwamnatin soja ta Janar Buhari ta kafa Doka ta 4, aka ɗaure ’yan jaridar Guardian biyu, Tunde Thompson da Nduka Irabor. A Yuni 2021 aka rufe Twitter a Najeriya har wata bakwai, sai Janairu 2022 aka buɗe, kuma a Yuli 2022 kotun ECOWAS ta ce rufewar ta saɓa doka.

Sai wanda ya faru a ƙofar gidanmu. A Nuwamba 2022 jami’an tsaro suka ɗauke wani ɗalibin Jami’ar Tarayya ta Dutse, suka kai shi Abuja, saboda wani rubutu da ya yi a Twitter kan uwargidan shugaban ƙasa ta lokacin. Sai da ɗalibai da ƙungiyoyin kare haƙƙi suka tayar da jijiyar wuya kafin aka janye ƙarar a farkon Disamba. Ko ka ce kalamansa sun yi tsauri, to ai akwai hanyar doka ta kai ƙarar ɓata suna a fili. Amma saƙon da ya iso wa sauran matasa daban ne: ku iya bakinku.

Kar a ce na ce Najeriya ta zama ƙasar Babban Yaya. A’a. Ga shi muna wannan shirin, akwai kotuna, akwai zaɓe, kuma hayaniyar jama’a ce ta fito da wancan ɗalibin. Amfanin waɗannan littattafai shi ne su zama mana ma’auni, mu gane alamar cuta tun tana ƙurji.

Kuma alamar da ta fi kusa da mu ba ta zo da kaki ba. Ku duba guruf-guruf ɗinmu na WhatsApp a Birnin Kudu da Gwaram. Famfon unguwa ya lalace wata da watanni, ko rufin aji ya yaye, matashi ya ɗauki hoto zai saka, sai a kira shi gefe: kai, kar ka jawo mana, yayanka na neman aiki, babanka na jiran fansho. Sai ya goge. Babu wanda ya kama shi, babu wanda ma ya san ya yi niyya. Wallahi wannan shi ne allon Orwell, sai dai namu a ƙirji yake.

Kakanninmu sun ga wanda ya fi wannan. NEPU da aka kafa a Kano a Agusta 1950, shekara ɗaya bayan fitowar 1984, mambobinta sun sha ɗauri da bulala a hannun ’yan doka da kotunan En’e, don kawai sun ce talaka ma yana da baki. Ba su da waya, ba su da intanet, amma ba su yi shiru ba.

To me ya rage mana? Sashe na 39 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ba ka ’yancin faɗar ra’ayi, Dokar ’Yancin Samun Bayanai ta 2011 kuma ta ba ka damar tambayar hukuma takardun yadda aka kashe kuɗi. Yi magana da hujja, ba da zagi ba, don zagi shi ke ba su ƙofa. Ajiye hoto da kwanan wata da alkawarin da aka yi lokacin kamfe, don a Gandun Dabbobi ma da daddare aladu ke sauya dokokin da ke jikin bango, dabbobin da ba su iya karatu ba su yi ta zargin ƙwaƙwalwarsu. Sannan idan an taɓa wani saboda maganarsa, ko ba ɗan jam’iyyarka ba ne, ka tsaya masa. In ka ga gemun ɗan’uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

Ku faɗa mana a ƙasa: wace magana ce kuka taɓa rubutawa kuka goge, kuma tsoron wa ya sa? Sai mun haɗu a shiri na gaba, in Allah ya kai mu.