Ina Ya Fi Daɗin Zama? Ilmin Halittu da Zaɓen Garin da Za a Koma

Ƙofar Galadima ɗaya ce daga cikin tsofaffin ƙofofin birnin Zariya, tare da 'yan uwanta irin su Ƙofar Doka, da Gayan, da Kuyambana, da Kona, da Tukur-Tukur. Ganuwar da ta haɗa su ta zaizaye a wurare da dama, gine-gine kuma sun tsallake ta sun bazu cikin filayen da a dā gonaki ne. Masu waɗannan sababbin gidaje ba duka ne 'yan birni da gidan gado ya yi wa kaɗan ba. Akwai waɗanda suka tattara nasu-ya-nasu daga Kaduna, ko Abuja, ko Legas, saboda haya ta gagara, ko kuma sun gaji da zaman da maƙwabci bai san sunan maƙwabcinsa ba. Kowannensu sai da ya tambayi kansa: wane gari ne ya fi araha, kuma mutanensa suka fi karɓar baƙo?

Mai karatu zai iya cewa wannan magana ce ta masana tattalin arziki. Gaskiya ne, amma ba tasu ce su kaɗai ba. Tsuntsu da kifi da ƙwaro duk suna fuskantar irin wannan tambaya, kuma masana ilmin halittu sun daɗe suna nazarinta, suna kiranta zaɓen mazauni. Abin da suka gano yana da amfani ga ɗalibin da zai bar gida bayan jarrabawa, da malamin da ke tunanin neman canjin wurin aiki.

Abin da ya rage a hannu

Kowace dabba tana samun ƙarfi daga abinci, tana kuma kashe ƙarfi wajen neman abincin, da gudun maƙiyi, da jure zafi ko sanyi. Abin da take girma da shi, take kuma renon 'ya'ya, shi ne ragowar da ta saura bayan an cire kashewa daga samu. Saboda haka ba a auna kyan mazauni da yawan abincin da ke cikinsa, sai da yawan wannan ragowa.

Shamuwa kyakkyawan misali ce. Takan iso ƙasar Hausa gab da faɗuwar damina, ta yi sheƙa a kan itatuwan cikin gari, ta ciyar da 'ya'yanta da fara da tsutsotsin da ruwan sama ya fito da su. Da rani ya kama, ƙwari suka yi ƙaranci, sai ta ƙetare zuwa gabashi da kudancin Afirka, inda a lokacin ne ake tasu daminar. Tafiyar dubban kilomita ce, kuma tana cin ƙarfi ƙwarai, amma ragowar da ake samu a can ta fi ta zama a nan. Ɗan cin rani da ke barin ƙauye bayan girbi ya dawo da ruwan fari, lissafinsu ɗaya da shamuwa.

A ƙaddara cewa an yi wa wani malami tayin aiki biyu, ɗaya a babban birni a kan Naira 200,000 a wata, ɗaya a Zariya a kan Naira 140,000. Ido zai fara sauka a kan na farkon. To, idan haya da kuɗin mota da cefane a can za su ci 180,000, a nan kuwa 105,000, sai a ga mai babban albashi ya tsira da 20,000, mai ƙarami da 35,000. Waɗannan alƙaluma misali ne kawai. Kowa sai ya sa nasa. Abin lura shi ne kuɗin mota, domin shi aka fi mantawa. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, nisan gida daga wurin aiki ya zama wata hayar ta biyu wadda ake biya kullum safiya. Gida mai araha a Mararaba ko Nyanya ga mai aiki a tsakiyar Abuja yakan karɓe da hagu abin da ya bayar da dama, ban da sa'o'in da ke salwanta a cunkoson hanya.

Ruwa da sauro

Akwai kuma tsadar da ba a rubuta ta a takardar haya. Ta farko ita ce ruwa. Tarihin baka ya nuna cewa ƙarancin ruwa na daga cikin dalilan da suka sa sarautar Zazzau ta baro Turunku, a kudu, ta dawo wajen Dutsen Kufena a ƙarni na 16, inda ga kogin Kubanni, ga Galma ba nisa. Turawan mulkin mallaka ma sun sha irin wannan darasi. Sun kafa hedkwatar Arewa a Zungeru a 1902, zafi da sauro suka hana su sakat, har a 1917 suka kwashe suka koma Kaduna, bakin kogi kuma kan hanyar jirgin ƙasa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum ɗaya yana bukatar lita 50 zuwa 100 a rana domin sha, da girki, da wanka, da wanki. Gida mai mutum shida ke nan yana bukatar aƙalla lita 300, watau jarka 12 mai cin lita 25. Idan famfo ba ya zuwa, rijiya kuma tana ƙafewa a watan Maris, to sai a ninka kuɗin jarka sau 12, a sake ninkawa sau 30, a ɗora a kan haya kafin a ce gida ya yi araha. Zariya kanta ba ta tsira daga wannan ba. Unguwanni da yawa sun yi shekaru suna dogaro da 'yan garuwa da rijiyar burtsatse.

Inda ruwa ya kwanta kuma wata matsalar ce. Tsofaffin biranen Hausa cike suke da kududdufai, ramukan da aka haƙa don ɗibar ƙasar gini. Sauron da ke yaɗa zazzaɓin cizon sauro yana tashi daga ƙwai ya zama mai cizo cikin kwana goma ko kusa da haka idan akwai ɗumi, kuma ƙaramin gurbin ruwa ya ishe shi. A ruwan da bai gudu sosai kuma ake samun ƙananan katantanwa masu ɗauke da tsutsar tsargiya, wadda ke shiga fatar yara masu wanka. Ɗaki mai araha amma matsattse, marar taga, shi ma yana da nasa haraji: cutar sanƙarau ta fi yaɗuwa a cunkoso lokacin zafi da ƙura, kuma annobarta ta 1996 ta kashe fiye da mutum 11,000 a Nijeriya, galibi a Arewa. Don haka ganin gida sau ɗaya bai wadatar ba. A gan shi a watan Agusta, a san inda ruwa ke kwanciya. A sake ganinsa a watan Afrilu, a san ko rijiya na da rai.

Agwagin Kambirij

Wata tambaya ta taso. Idan gari kaza ya fi kowane araha da daɗi, me ya hana kowa ya koma can? Amsar ta fito daga nazarin tsuntsaye. A wajen 1970, masana biyu 'yan Amurka, Stephen Fretwell da Henry Lucas, suka bayyana cewa kyan mazauni yana raguwa gwargwadon yawan masu shigarsa. Na farko da ya sauka a wuri mai albarka yakan ci ya ƙoshi. Yayin da aka ƙaru, rabon kowa sai ya ragu, har ya kai ga sabon zuwa gara ya nufi wurin da bai kai wannan albarka ba amma babu tururuwa. A ƙarshe rabon kowa a wuraren biyu yakan zo kusan daidai.

A 1982 wani masani mai suna David Harper ya gwada wannan a tafkin lambun Jami'ar Kambirij a Ingila, da agwagi 33. Mutum biyu suka tsaya a wurare daban a bakin tafkin suna jefa gutsattsarin burodi. Da suka riƙa jefawa daidai wa daida, agwagin suka rabu kusan biyu. Da ɗaya ya ninka saurin jifansa, sai wajen kashi biyu cikin uku suka koma gabansa, sauran suka tsaya wa ɗayan, kuma cikin ɗan lokaci kaɗan suka daidaita haka. Harper ya kuma lura cewa wasu 'yan agwagi masu ƙarfi suna cin fiye da rabonsu, abin da ba zai ba mazaunin birni mamaki ba. Malamin kimiyya na iya maimaita gwajin a filin makaranta da kaji ko tantabaru da mudun dawa guda, ɗalibai biyu na watsa tsaba, na uku yana ƙirga kawuna kowane minti.

Ma'anar wannan ga mai neman gari ita ce araha ba dawwamammiyar sifa ba ce kamar dutse ko kogi. Labarinta ne ke kashe ta. Samaru ƙaramin wuri ne lokacin da aka buɗe tashar binciken aikin gona a 1922. Bayan kafa Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, ɗalibai da ma'aikata suka yi ta kwarara, kuma duk mai neman ɗaki kusa da jami'a ya san abin da yawan masu nema ke yi wa farashi. Wanda ya ji cewa wuri kaza akwai sauƙi, ya kamata ya tambaya: tun yaushe ne labarin, kuma mutum nawa suka riga shi ji?

Wani lokaci ma alamar ce ke yaudara. A ƙasar Hungari an gano a 1998 cewa wasu ƙwari masu zuba ƙwai a ruwa suna zuba su a kan kwalta, domin hasken da kwalta ke maidowa yana kama da na ruwa a idonsu, sai ƙwan su bushe a banza. Masana na kiran irin wannan tarkon muhalli. Kowa ya ga yadda shinge ke kewaya fitila bayan ruwan fari har ƙadangaru da kwaɗi su yi biki. Dogayen benaye, da fitilun titi, da hotunan da ɗan uwa ke aikowa ta waya yana jingine da motar da ba tasa ba, duk alamu ne, kuma babu ɗayansu da ke faɗin abin da ya rage a aljihu ranar 25 ga wata.

Ana iya auna kirki?

An gwada. Robert Levine, masanin halayyar ɗan'adam daga Kalifoniya, ya aika mataimakansa manyan birane na ƙasashe 23. A kowane birni sukan yar da alƙalami kamar ba su sani ba, ko su yi ɗingishi su zubar da mujallu, ko su tsaya a bakin titi kamar makafi, a ƙirga mutum nawa za su taimaka. Sakamakon da aka buga a 2001 ya sa Riyo ta Brazil a gaba, Lilongwe ta Malawi ta zo ta uku, New York da Kuala Lumpur kuwa suka zo ƙarshe. Arzikin ƙasa bai sayo wa baƙo taimako ba. Biranen ƙasashe masu kuɗi ma sun fi zama a baya. A wani nazarin da ya yi a birane 36 na Amurka, ya tarar cunkoson jama'a a wuri ɗaya ya fi girman birni nuna inda taimako zai yi ƙaranci. Ba lalle ne mutanen can miyagu ba ne. Wanda idonsa ke cin karo da dubban fuskoki a yini dole ya koyi kau da kai.

Sai dai tsince wa baƙo alƙalami daban, ba shi ɗaki da abin yi daban. Hausawa sun daɗe da tanadar wa wannan hanya. Fataken goro da shanu ba su sauka a Kumasi ko Ibadan haka kawai. Akwai zango, akwai maigida mai saukar da baƙo, ya ajiye masa kaya, ya haɗa shi da mai saye, ya tsaya masa idan bashi ya shiga. Abner Cohen ya bayyana wannan tsari a unguwar Sabo ta Ibadan cikin littafinsa na 1969. Zauren gidan Bahaushe ma aikinsa ke nan, kuma da shi birnin Zariya ya riƙa karɓar masu neman ilmi daga nesa, waɗanda ke zuwa unguwanni irin su Kona da Juma domin nahawu da lugga. Duk da haka, kada a ɗauka cikin ganuwa buɗe yake ga kowa. Gidajen birni galibi na gado ne, kuma bayan isowar jirgin ƙasa a 1911 Turawa sun ware wa baƙi wurarensu: Sabon Gari ga mutanen kudu, Tudun Wada ga 'yan Arewa da ba 'yan birni ba. Gari ɗaya ne, amma karɓar da baƙo zai samu ta danganta da unguwar da ya sauka da kuma hannun da ya gabatar da shi ga mai unguwa.

To, yaya wanda bai taɓa zama a wuri ba zai san halinsa? Wani ɗan tsuntsu mai cin ƙwari a tsibirin Gotland na ƙasar Suwidin ya ba da amsa. Blandine Doligez da abokan aikinta sun riƙa ɗauke 'yan tsaki daga sheƙunan wani yanki na daji suna ƙara wa na wani yankin, domin a ga kamar can ne aka fi samun haihuwa. A rahotonsu na 2002 sun nuna cewa da shekara ta zagayo, sababbin zuwa sun fi sauka a yankin da aka ga 'ya'ya da yawa, mazauna kuma sun fi ƙaura daga inda 'ya'ya suka yi kaɗan ko suka rame. Ashe tsuntsayen suna leƙa sheƙunan maƙwabta tun bara, suna duba abin da zaman ya haifar.

Mai shirin komawa Zariya, ko Katsina, ko Maraɗi, zai fi samun gaskiya daga baƙin da suka riga shi da shekara biyar ko goma fiye da daga dillali, wanda la'adarsa ke jiran a ce an yarda. A nemi irin waɗannan, masu sana'a irin tasa da samu kwatankwacin nasa. A duba ko har yanzu haya suke ko sun kafa tubali, ko 'ya'yansu na makaranta, sau nawa aka kwana asibiti a daminar bara, su wa suka zo ranar suna, su wa kuma suka zauna karɓar gaisuwa ranar da aka yi musu rashi. A kuma tambayi labarin waɗanda suka zo tare da su amma suka koma, domin su ba za a same su a unguwar ba balle a ji ta bakinsu.