Murjani, Dabbar da Ke Gina Dutse

Jan murjanin da kakanninmu mata ke ɓoyewa a ƙasan adudu daga tekun Bahar Rum ya fito. Fatake ne suka ƙetaro Sahara da shi, daga Tarabulus har Kano. Suratur Rahman ma ta ambace shi tare da lu'ulu'u cikin ni'imomin teku. Da yawa sun ɗauka dutse ne, alhali ƙashin dabba ne.

Dabbar 'yar mitsitsiya ce, baki ɗaya gare ta, kewaye da 'yan yatsu masu harbi. Dubbai ne ke zaune manne da juna, kowacce tana tsotso sinadarin alli daga ruwa tana gina ɗakinta. Da yayyafi kogi kan cika: haka suka gina tudun murjanin Ostareliya mai tsawon kusan kilomita 2,300.

Murjanin ruwan ɗumi yana da baƙuwa a cikin jikinsa, wata gansakuka da ido ba ya gani. Shi ya ba ta masauki, ita kuma ta dafa masa abinci da hasken rana, ta ƙawata shi da launi. Cuɗe-ni-in-cuɗe-ka ke nan. Amma idan ruwa ya ƙara zafi da digiri 1 kawai na wasu makonni, sai murjanin ya kore ta, ya yi fari fat, yunwa ta kama shi. Haka ta faru a Ostareliya a 2016.

Shi ya sa masu kiwonsa a akwatin gilashi ba sa wasa da awo: zafi digiri 25, gishiri giram 35 a lita, haske mai ƙarfi, ruwa yana motsi dare da rana. Sabon shiga da masu laushi yake farawa, irin mai kama da laimar kwaɗi. Nau'in Acropora mai rassa kuwa sai gwani, canji kaɗan ke kashe shi. Dole a bar tazara tsakaninsu, don zo mu zauna zo mu saɓa: da dare wasu kan miƙa dogayen yatsu su ƙone maƙwabci. Nau'in Palythoa kuma dafi gare shi, wanda aka ce mutanen Hawai na shafa wa bakin mashi a da, don haka ba a taɓa shi sai da safar hannu.

Wanda zai riƙi amanar halitta irin wannan, to ya ajiye gaggawa. Mai haƙuri shi kan dafa dutse.