Shin Ko Kun San? Daga Rijiyar Bongor Zuwa Tankin Babur a Farcha

Shin ko kun san fetur ɗin da ake sayarwa a gidajen mai na unguwar Farcha a N'Djamena, bisa ƙa'ida, bai taɓa ganin teku ba? Daga rijiyoyin yankin Bongor ake haƙo ɗanyensa, a turo shi ta bututu mai tsawon kilomita 311 zuwa matatar Djarmaya da ke arewa da N'Djamena. An buɗe matatar a watan Yunin 2011. Kamfanin CNPC na Sin ke da kashi 60, gwamnatin Chadi na da 40, kuma an gina ta don tace ganga 20,000 a rana. Ganga ɗaya lita 159 ce.

Man Doba na kudancin Chadi kuwa, wanda aka fara haƙowa a 2003, hanyarsa daban. Bututu mai kilomita 1,070 ke kai shi Kribi a Kamaru, daga nan sai jirgin ruwa.

Ko kun san gwamnati ce ke yanke kuɗin lita a nan? Hukumar ARSAT ke sa ido a kan harkar, don haka farashi kan daɗe a tsaye ko da kasuwar duniya na hawa da sauka, sai rana ɗaya ya yi tsalle. Haka aka yi a watan Fabrairun 2024: fetur ya tashi daga sefa 518 zuwa 730, gazuwal daga 700 zuwa 828. Ƙarin fiye da kashi 40 ke nan a kan fetur, dare ɗaya. Ƙungiyoyin ƙwadago suka tafi yajin aiki, kuma ban ga laifinsu ba, domin albashi bai motsa ba.

Abin da ya fi damuna shi ne matatar guda ɗaya ce tilo. A Janairun 2012 an taɓa rufe ta saboda saɓani kan farashi tsakanin gwamnati da 'yan Sin. Ko gyara aka tsayar da ita don a yi, sai layi ya miƙe a gidajen mai, 'yan bumburutu su fito da kwalabe su faɗi kuɗin da suka ga dama. Mai babur ya ƙara kuɗin haya, mai injin niƙa ya bi sahu. Shigo da mai daga waje kuma sai tanka ta taso daga Douala, tafiyar kusan kilomita 1,800, kowace kilomita da kuɗinta.

Iyaka ma tana da hannu. Daga bakin kogin Shari a Farcha ana hango Kamaru, mai kuwa inda ya fi tsada yake gudu. Shekara da shekaru man Najeriya mai rahusa ke tsallakowa cikin jarka, har shugaban Najeriya Tinubu ya cire tallafi ranar 29 ga Mayun 2023, lissafin masu jarka ya canza.

Shin kun san man da Turai da Amurka ke ɗumama ɗaki da shi ɗan'uwan gazuwal ne na jini? Idan hunturu ya tsananta a can, gazuwal kan yi tsada a kasuwar duniya. Mu nan man da gida ke buƙata na girki ne. Tun da aka hana gawayi a 2009, matan N'Djamena suka koma tukunyar gas, wani ɓangaren gas ɗin kuma daga Djarmaya yake fitowa. Tashar lantarki ta Farcha ma da mai injinanta ke aiki, don haka ranar da mai ya yanke har wutar gida kan ji a jikinta.